Ƙayar Kurungu da Farar Allura

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron in faɗi abin da ba haka yake ba game da magani, wani ya karanta ya ƙi abin da zai warkar da shi, alhakin ya hau kaina. Amma waɗanda suka ga abin da idonsu suna ta ƙarewa, shi ya sa na daure.

A shekarun farko da aka yanke mana Jihar Kebbi, muna zaune a wani ƙauyen masunta a bakin tafkin Kainji, ta wajen Wara. Yayata, wadda nake bi, bandar kifi take yi. Mijinta ya kamo, ita ta gyara ta ɗora a wuta. Wata rana tana gyaran kurungu ƙayar bayansa ta shige mata babban yatsa. An gasa da ruwan zafi, an ɗaure, amma yatsan ya tara mugunya, hannun duka ya ɗau zafi.

Ranar kasuwa akwai wani mutum da ke zuwa a jirgin ruwa da akwatin kwano. Likita muke ce masa, ko da yake babu wanda ya san inda ya koya. Yakan zauna a wata rumfa bayan masu gishiri, ya zuba ruwa cikin 'yar kwalba mai farin gari, ya girgiza ta koma kamar madara. Fenisilin ce, mu dai farar allura muke cewa. Ba zan ɓoye ba, na ga ta warkar da gyambon da ya gagari kowa.

Ya yi wa Yaya allurar da safe, ya ce ta dawo washegari kafin jirginsa ya tashi. Kafin azahar jikinta ya yi rudu-rudu, leɓenta ya kumbura, tana ta susa. A wajenmu idan ƙyanda ta kama yaro, hankali ba ya kwanciya sai ƙurajen sun feso, don an yarda cutar da ta fito fata ta bar ciki. Da wannan idon Inna da tsofaffin gida suka dubi Yaya. Suka ce dafin kifin ne allura ta koro waje, har suna yi mata barka.

Ni ban yarda ba, na ce a dakata. To amma ni an san ni da fargaba, sai na shafa ƙasan kwalekwale nake shiga. Yaya ta yi dariya da kumburarren bakinta.

"Auta, kai ko ruwan randa aka ba ka sai ka leƙa ko da kada ciki."

Washegari na bi ta har rumfar, na nuna wa mutumin wuyanta da hannuwanta. Bai daina girgiza kwalbarsa ba.

"Aiki take yi. In ba ta motsa jini ba, mi ne amfaninta?"

Mijin Yaya ya ja ni gefe, ya ce in daina ba su kunya gaban baƙo. Aka yi mata ta biyu. Ta miƙe ta gyara zani, ta ce maƙogwaronta na ƙaiƙayi, muryar kamar ba tata ba. Sai ta zauna dirshan tsakanin kwandunan kifi, numfashinta na fita da wani siririn fito. Mutumin ya yayyafa mata ruwa, ya birkita akwatinsa, babu abin da ya fito da shi. Muka sa ta a jirgi mai inji muka nufi gari. Ba mu wuce busassun itatuwan nan da tafki ya shanye ba ta cika, kanta a cinyata.

Aka ce kwana ya ƙare. Na yarda da ƙaddara, Allah shi ne shaida. Abin da ya ƙi wuce mini shi ne ba a yi sadakar arba'in ba mutumin ya dawo rumfarsa, mutane suka yi layi, mijinta ma ya tsaya suka gaisa.

Sai bayan shekaru wata nas a Yelwa ta bayyana mini. Ta ce maganin mai kyau ne, amma akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓarsa, kuma wancan borin jini gargaɗi ne, wanda ya yi shi ba a sake yi masa. Ta ce ana tambayar mutum kafin a yi, kuma akwai wata allura mai dawo da numfashi da ya wajaba ta kasance kusa. Har wasu kafso da ake sayarwa a faranti, in ji ta, danginsa ne.

Yaya ta bar 'ya mace, a hannuna ta girma, yanzu tana da nata yaran. Duk lokacin da aka rubuta musu magani, in hana ina tsoro, in bari ina tsoro. Wasu sun ce abin yana bin jini, wasu sun ce ba ya bi. Ina roƙon duk mai karatu da ya san aikin asibiti ya sanar da ni gaskiyarsa, da sunayen magungunan da ke dangin nan, da kuma inda ake gwada mutum a san matsayinsa kafin allura ta shiga jikinsa.