Kaka Ba Ta Shan Magani Ita Kaɗai

Ina aji biyu a jami'a hawan jini ya kwantar da kakata a wani asibiti cikin garin Lafiya. Muna hutu, sai aka ɗora mini kai mata abinci, tunda ko a gida ba abin da nake yi sai karatu. A ɗakin tsofaffin mata ban taɓa ganin ta yi gardamar magani ba. Da nas ta shigo da tire, kowace tsohuwa sai ta gyara zama ta miƙa hannu. Wata 'yar ƙabilar Eggon da ke gadon gefe ce ke ba da umarni da Hausarta ta kasuwa, su haɗiye tare, su yi ta kushe ɗacin suna dariya.

Ranar sallama likita ya ce idan ta dawo jinin bai sauka ba, zai sake ba ta gado. Wannan ya tayar mata da hankali, domin yayata da ke aure a Ashige ta kusa haihuwa, kuma Kaka ta riga ta shelanta cewa ita za ta yi wa tattaɓa-kunnenta wankan jarirai.

Amma da muka koma gida Kwandere sai magani ya gagara. Nakan sa mata ƙwayar a murfin kofi, in tsaya a kanta da ruwa. Sai ta ce ango bai kamata ya tsare amaryarsa da ido haka ba, in je za ta sha. Ashe ƙulle ta take yi a bakin zani, inda take ajiye goro.

Wata safiya na fito na tarar da ita da ƙawarta, tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu. Kaka ta sa farce ta raba ƙwayar biyu kamar goro, tana miƙa mata rabi. Na yi ta in'ina kafin na iya cewa wannan ba a rabawa.

"Angona," in ji ta, "a ina ka taɓa ganin na kai abu baki ni kaɗai, mutum yana kallona?"

A nan na tuna ɗakin asibitin. Ita ƙawar tana da nata maganin na ciwon suga, wanda 'ya'yanta suka gaji da yi mata magiya a kansa. Da kyar na tattaro ƙarfin hali na roƙe ta ta riƙa zuwa da shi kullum da safe. Ta ce za ta zo, in dai ango zai dama kunun gyaɗa da kansa, kuma nata kada a sa suga.

Haka aka yi. Suna zama a gindin mangwaro, kowace da tata ƙwayar a tafin hannu, su yi bismillah su haɗiye, sannan su taru su kushe kununa.

Da muka koma asibiti jinin ya sauka. Yayata ta haihu a makon, muka ɗauki keke napep zuwa Ashige. Ni aka matse a gaba kusa da direba, domin Kaka ta ce ba ta zuwa ko'ina ba da abokiyar shan maganinta ba. Su biyun suka yi wa jaririn wanka, ɗaya na riƙe da shi, ɗaya na zuba ruwa, suna gardamar hancin wa ya ɗebo.