Tankin Kifin da Na Haɗa wa Baba

Shekarar da muka ɗauko Baba daga ƙauyenmu na wajen Kazage, ina koyar da kimiyya a wata makarantar sakandare a cikin Birnin Gwari. Mutanen daji sun hana noma, ƙauyen ya watse, amma shi ya ƙi tashi sai da ƙafafunsa suka kumbura, sannan ya yarda aka ɗora shi a babur. Muka ba shi ɗakin da ke kusa da zaure. Mutumin da ya saba da damina yana gona, da rani yana rafi wajen kamun kifi, sai ga shi zaune a tabarma yana kallon bango tun safe har yamma. Ba ya ƙorafi, kuma shirun nasa ne ya fi damuna.

A daidai lokacin wata abokiyar aikina, 'yar kudancin Kaduna da muka daɗe muna zama ofis ɗaya, ta samu canjin wurin aiki. Cikin kayan da ta kasa ɗauka akwai tankin gilashi na kifin ado, da ɗan injin hura iska da matatarsa. Ya yi shekaru a bushe a ɗakin ajiyarta. Na roƙe ta, ta ba ni, har ta haɗa mini da takardun gwajin ruwa, masu canza launi idan akwai guba. Amma ta ja mini kunne kada in sa kifi nan da nan. Ta ce kashin kifi yana sakin guba a ruwa, kuma abin da ke cinye gubar wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, masu zama a jikin tsakuwa da soson matata. Sabon tanki ba shi da su. Sai an riƙa zuba ɗan abincin kifi yana ruɓewa har su hayayyafa, abin da kan ɗauki wata guda ko fiye. Na san wannan a littafi, ina ma koyar da shi, amma ban taɓa zaman jiransa ba.

Na wanke tankin, na cika shi da ruwan rijiya, na kunna injin. Da na yi wa Baba bayanin jiran, ya yi dariya, dariyarsa ta farko tun zuwansa.

"Uwata," ya ce, don haka yake kirana saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "ashe ruwa ma nuna yake kamar ayaba?"

Sai dai ya fi ni fahimtar abin. Ya ce ko a daji kifi ba ya zama a sabon kududdufi sai duwatsun ƙasa sun yi santsi.

Mako guda bayan haka likita ya kira ni gefe, ya ce zuciyar Baba ta yi rauni ƙwarai, mu dai lallaɓa shi. Bai faɗi kwanaki ba, ni ma ban tambaya ba. Daga ranar wata gudan nan ya zame mini shekara.

Na buga wa abokiyar tawa waya, na tambaye ta ko akwai hanyar gaggautawa. Ta ce akwai: in samo soso ko tsakuwa daga ruwan da kifi ya daɗe a ciki, in kawo su a jiƙe, in tabbata iska ba ta yanke ba, ruwan kuma ya kasance da ɗan ɗumi. Maigidana ya je wajen wani mai kiwon tarwaɗa a bayan kasuwa, ya dawo da guntun soso mai ƙarni a cikin bokiti. Na matse shi a tankin, ruwan ya yi duhu, na cusa ragowarsa a cikin matatar tankin. Kwana huɗu takardar gwaji tana nuna alamar sauƙi. A rana ta biyar aka ɗauke wuta, ba a dawo da ita ba sai bayan kwana goma sha ɗaya.

Idan na dawo daga makaranta sai in zauna da ƙwarya ina ɗibar ruwan ina zubo shi daga sama don iska ta shiga. Da safe maigidana yake yi kafin ya fita. Duk da haka ruwan ya fara wari, takardar ta koma launin da na tsana. Halittun da muka aro sun mutu a cikin matatar da ta tsaya.

Baba ya ce laifin soson ne, ruwan tafkin siminti irin na mai tarwaɗa ba shi da ƙarfi. A samo duwatsun rafinmu, na ƙarƙashin bishiyar ɓauren da yake ɗaure komarsa. Akwai ɗan ƙanensa, magidanci, wanda yakan saci jiki ya leƙa ƙauyen don duba rumbu. Na aika masa, na nanata cewa ya sa su cikin ruwa. Ya ce to. Hanya ta ɓaci, muka yi mako uku ba mu ji ɗuriyarsa ba. Da ya iso, a cikin buhu ya kawo su, sun bushe ƙamas. Ya ce ya taso da su a galan, amma sai da ya zubar da ruwan a daji don ya iya gudu. Na yi masa sannu da hanya. Baba ya karɓi dutse ɗaya ya shinshina, ya ajiye shi gefen matashinsa. Sauran na zuba su a tanki, ko da yake na san ba su da sauran amfani.

Numfashinsa ya fara yin sama-sama. Wata Asabar na daina duba takardar, na tafi wajen mai tarwaɗan, na samo 'ya'yan karfasa shida daga ɗayan tafkinsa, na sake su a ciki. Na san abin da nake yi. Baba ya sa aka jingina shi da bango kusa da gilashin. Ranar ya ci tuwo da ɗan dama, yana nuna mini wadda ya ce mace ce, da wanda ya ce zai fi sauran faɗa. Ya ba ni labarin ramukan rafin ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ya kusa cinye shi yana saurayi.

A kwana na uku suka fara taruwa a saman ruwa suna buɗe baki. Na canza rabin ruwan, washegari na sake canzawa. Biyu suka mutu, sannan uku. Ina tsame su da cokali kafin ya farka, amma ai mai kamun kifi ne, ya ƙirga.

"Kin yi sauri, Uwata," ya ce.

"Na yi sauri, Baba."

"Ba komai. Na san dalili."

Ta ƙarshen ta kai mako guda. Shi da kansa ya ce a fitar da ita a mayar wa mai ita, kada ta mutu a banza. Kafin a kai ta, ta mutu a bokiti.

Bayan haka aka ce mu kai shi asibiti a Kaduna. Muka jira ranar da motoci ke tafiya a ayari, muka bi su. Ya yi kwana tara a can, Allah Ya karɓi abinsa. A can aka binne shi, don ba wanda zai iya kai shi ƙauye.

Da na dawo na tarar maigidana bai daina zuba abincin kifi a tankin ba, don ba wanda ya ce masa ya daina, wuta kuma ta ɗan zauna a waɗannan makonni. Na tsoma takardar gwaji ba don komai ba. Ta fito fes, babu ko alamar guba. Ruwan ya nuna.

Maigidana ya tambaye ni ko a nemo wasu kifayen. Na ce a bari tukuna. Na ci gaba da zuba abinci kusan wata biyu, ina ciyar da abin da ba na gani, sannan wata rana na kwashe ruwan na ba shukar tattasai. Da kaka muka sayi wake, ɓeraye suka dame mu, sai na juye shi a cikin tankin na rufe da faranti. A ciki yake har yanzu.