Wahabu Fita da Allurar Bayan Shan Ruwa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, 27 ga Nuwamba, 1969, ana tsakiyar azumi, Allah Ya karɓi ran Wahabu Sumana, fita mai gyaran manyan motoci a Suame Magazin, maƙwabcina a unguwar Akwatia Line tun muna yara. Bai yi jinya ba, da ƙafarsa ya fita daga gida.

Wahabu, tun da gwamnati ta ce baƙi marasa takarda su bar Ghana, kowa a Zango ta kansa yake yi, kai kuwa kana kwance ƙarƙashin motocin mutane. Duk akwalar lorin da za ta kwashi jama'a sai da ka duba mata birki, ba ka nemi lada ba. Na ce ka huta mana, bakinka da azumi. Ka ce, "Haba Iliasu, tsofaffi da jarirai za su hau. In bar su da birkin da ban yarda da shi ba?" Kai ne kuma za ka tuƙa motar da za ta ɗauki mutanen gidanku, ka kai mahaifiyarka Inna Sala da matarka Safura, da tsohon cikinta, ƙasar kakanni da ba ka taɓa gani ba.

Garin gyaran nan ƙarfe ya yanke ka a hannu, wurin ya fara kumburi. Aka ce ka je asibiti da rana, ka ce ba ka sa azuminka cikin shakka saboda ɗan yanka. Sai da aka sha ruwa ka tafi wurin mai allura na unguwa, ya yi maka fenisilin, wadda kowa a Zangon nan an sha yi masa lafiya lau. Bara da aka yi maka ita ka yi borin jini, unguwa ta ce ai ciwo ne yake fitowa, magani ya karɓe ka. Wayyo Allah! Mai allurar bai gama goge wurin da auduga ba leɓɓanka suka kumbura, numfashi ya sarƙe, ka kama maƙogwaro. Muka sa ka a tasi, muka nufi asibiti. Ba mu wuce unguwar Manhyia ba ka cika a cinyata.

Likita ya ce cikin dubban mutane da ƙyar ake samun ɗaya da jininsa ke ƙin maganin nan, wai borin bara gargaɗi ne. To, wa ya taɓa gaya mana? Wallahi raina ya ɓaci, kuma har yau ban san da wa zan yi fushi ba.

Mun kai ka maƙabartar Tafo, ko sadakar bakwai ba a bari mun yi ba. Inna Sala ta riƙe ƙyauren ɗakinka tana cewa, "In tafi in bar shi da wa?" Ɗaukarta aka yi aka sa a mota, wani baƙon direba ya ja su.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya ba ka ladan wanda ya rasu cikin Ramadan. Allah Ya ba Inna haƙuri, Ya sauki Safura lafiya a duk inda naƙuda ta same ta. Ni ma gobe motarmu za ta tashi. Na yi maka wannan addu'a yau a kan kabarinka, don ba na jin cikinmu akwai mai sake tsayawa a wurin.