Usur Bai Da Gari

Jiya na ji ƙarar usur a filin Pauwa, sai Malam ya faɗo mani a rai. A da shi ke mana alƙalancin ƙwallo, usur na ƙarfe a wuya, baki ja da goro.

Ranar wasanmu da 'yan garin Mabai ya soke ƙwallon da muka ci, ya ce satar gida ce. Na ɗaga murya cikin jama'a: "An saye tsohon nan!"

Da aka tashi ya dafa kafaɗata, hannunsa sharkaf da gumi. "Ɗana, garinmu ɗaya, amma usur bai da gari."

Na fizge jikina. Alhali wallahi na ga satar gidan da idona.

Har aka kai shi makwanci ban nemi gafara ba. Allah Ya haskaka kabarinka, Malam, Ya sa ka riga ka yafe mani.