Ranar Da Na Kira Sunan Maigidana

Har yau ina tambayar kaina: ni ya gane a ranar, ko sunan kawai ya gane? Ni ban iya rubutu ba. 'Yata ce ke rubuta wannan a wayarta, in kuka ya zo mini ta dakata.

Shekarun baya, maigidana ya fara mantuwa. Da farko kunnensa ne ya yi nauyi, ya daina zama gindin darbejiya da abokansa, don ya gaji da cewa "Na'am?" ana dariya. Sai ga shi da fartanya a kafaɗa tsakiyar rani, wai za shi noman gero. Muka ce tsufa ne, wasu suka ce sammu. Rubutu kam ya sha shi.

Abin ya kai ba ya karɓar abinci daga hannuna. Sai ya juya fuska bango, ya ce a jira matarsa ta dawo, shi ba ya ci a gaban baƙuwa. Ni ce fa matar. Ina ji ina gani yana ramewa.

'Yata ta zo daga Dawakin Tofa inda take aure, ta ce ta ji likita a rediyo. Wai masu bincike sun gano nauyin kunne da zaman kaɗaici suna iya gaggauta ciwon mantuwa, kuma ko ƙwaƙwalwa ta gaji, takan motsa in mutum ya ji sunansa daga muryar da ya saba da ita.

"Inna, kowane tsoho a garin nan Malam ne. Ki kira shi da sunansa na yanka."

"Ke, kanki ɗaya? Tun da aka kawo ni gidan nan bakina bai taɓa furta shi ba. Ko takwaransa ne ya zo sayen ƙuliƙuli, mai sunan Malam nake cewa."

"To kunyar wa kike ji, Inna? Shi da yake ce miki baƙuwa?"



Wata hantsi na dama kunun tsamiya. Na leƙa zaure na tabbata ba kowa, sai ka ce mai shirin sata. Tsohuwa da jikoki, gabana yana faɗuwa kamar na amarya. Na matsa kusa da kunnensa na faɗi sunan. Bai ji ba. Dole na ɗaga murya, har akuyar da ke ɗaure ta waiwayo.

Ya juyo, ya daɗe yana kallona. Ya yi magana, sannan ya buɗe baki na ba shi kunun, ya shanye. Daga ranar ya ci gaba da ci daga hannuna, amma bai ƙara furta kalma ba har Allah ya karɓi abinsa kafin ruwan shuka. Allah ya jiƙansa.

Ba na zagin kunya, da ita aka raine mu. Amma in naku ya fara haka, kada ku ce tsufa ne kawai. Ku kai shi a duba kunnensa, ku zauna da shi, ku yi ta yi masa magana ko ba ya amsawa.

Abin da ya ce mini a ranar kuwa, yana ɗan murmushi, shi ne:

"Oh ni, yarinyar nan. Ashe kin san shi? Sake faɗa in ji."