Ranar da Kaka Ta Kira Sunan Ɗan Farinta

Shekaranjiya da hantsi ina tsintar shinkafa a tsakar gida, sai na ji kukan tsintara daga bayan katanga. Ƙara ɗaya mai kaifi, sannan ta sako sauran yana gangarowa kamar an zuba tsakuwa a kwano. Na ajiye faifan. Jikata ta ce, "Lafiya?" Na ce lafiya lau. Amma raina ne ya ɓaci, ɓacin ran da ya girmi uwarta.

In ba ka san tsintara ba, bari in gaya maka. 'Yar tsuntsuwa ce mai shuɗin baya, kafaɗa baƙa, ciki fari, baki dogo, samansa ja ƙasansa baƙi. Wanda ya ga bakin nan sai ya ɗauka kifi ne abincinta, alhali kogi bai dame ta ba. A reshe take zama tsit, in ta hango fara ko ƙadangare ko ɗan kwaɗo ta faɗo ta sure, ta koma ta yi ta buga shi da reshen har ya daina motsi. Ba ta saƙa sheƙa, ramin da makwakkwafi ya bari a jikin itace take shiga ta yi ƙwai. Da rani ba ka ganinta a ƙasarmu, kudu take yi. Sai hadari ya fara haɗuwa take dawowa.

Ƙauyenmu yana gefen fadamar Haɗeja, ta wajen Kirikasamma. Ina yarinya, a bayan gidanmu, nesa da ruwa, akwai wata ƙatuwar kanya mai rami a jikinta. Kowace damina tsintara biyu ke sauka a nan, mace da namiji, su tsaya suna fuskantar juna suna buɗe fukafukai. Ga masifa. Na taɓa hawa don in leƙa ramin, ɗaya ta kawo mini sara a tsakiyar ka, na sauko ina ihu, Kaka ta ƙara mini da ranƙwashi a daidai wurin.

Kaka, uwar mahaifina, Bafulatana ce, aure ne ya zaunar da ita. Danginta masu shanu ne, su yi kudu da rani, su dawo da damina su sauka kusa da mu. Da jangali ya matsa musu sai suka yi gabas, kuma ba su sake waiwayowa ba. Tun daga nan, duk shekarar da ta ji kukan farko daga kanyar, sai ta tsaya da abin da take yi ta ce, "Mutanenmu sun iso." Muna yi mata dariya. Ita ba wasa take yi ba, su kaɗai suka rage mata masu tafiya su dawo.

Baffa, yayan mahaifina, shi ne ɗan farinta, kuma kunyarsa take ji irin ta mutanenta. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yi masa magana kai tsaye. In ta dama fura sai ta ce, "A kai wa wancan." Kuma ƙwaryar wancan ta fi ta kowa nono.

Sai ciwon barci ya shigo. Turawa suka ce ƙudan tsando ne ke kawo shi, kuma a duhuwar bakin kogi yake ɓuya, don haka a sare. Ba zan yi ƙarya ba, ciwon ya ci mutane, saran kuma ya rage ƙudan. Maza suka kwashe rani guda suna aikin tilas, giyayya da sarƙaƙiya duk aka kwantar. Bulama ya ɗora Baffa a kan masu saran, aka ba shi wata jar ɗamara. Daga ranar tafiyarsa ma ta sake.

An gama aiki, ruwa ya sauka, sai labari ya zo wai Bature zai zo rangadi ya duba. Nan fa Baffa ya ga ai kanyarmu ana hango ta daga hanya. Ba ta cikin abin da aka ce a sare, kowa ya sani. Shi dai so yake Bature ya ɗaga ido ya ga fili fetal, ya tambayi wane ne ya yi wannan ƙoƙari. A lokacin kuwa ƙwai sun ƙyanƙyashe, in ka tsaya a gindin bishiyar kana jin 'ya'yan suna tsuwa a ciki.

Kaka ta kira ni ta ce, "Je ki ce wa wancan ya dakata 'ya'yan su tashi. In sun tashi ya yi abin da ya ga dama."

Na je na faɗa. Ko kallona bai yi ba, ya ce, "Ki ce wa Inna Bature ba ya jiran tsuntsu."

Washegari da safe suka zo da gatura. Mahaifina yana tsaye ya sunkuyar da kai, wai shi ƙane ne, ba ya ja da yayansa. Har yau ina jin haushin shirun nan nasa. Tsintarorin suka yi ta faɗowa kan masu saran suna kai sara, su kuwa suna kare kai suna dariya. Ana cikin haka Kaka ta fito, ko mayafi babu. Ta tsaya a gaban Baffa, ta dube shi ido cikin ido, ta kira sunansa.

Gatura suka tsaya. Ni ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba, shi ma tun da aka haife shi bai taɓa ji ba. Wani dattijo cikin masu saran ya ajiye nasa gatarin a ƙasa yana salati. Na ce a raina shi ke nan, an fasa saran. Baffa ya dubi uwarsa, ya dubi wani ɗan aiken Bulama da ke gefe, sannan ya ce, "A shigar da ita gida. Ku ci gaba."

Bayan azahar kanyar ta faɗi. Na tarar da 'ya'yan a mace a cikin ramin itacen, ko gashi ba su gama yi ba. Iyayen suka yi kwanaki suna zuwa kan kututturen da fara a baki, su zauna, su tashi, su dawo. Bature kuwa bai zo ba. Ruwa ya cika fadama, hanya ta yanke, daga Haɗeja ya juya abinsa.

Yau in ana hirar zamanin sai a ce Turawa ne suka sare mana itatuwa. Nasu laifin yana nan, ban yafe musu jangali ba. Amma ni ina wurin, kuma ban ga Bature riƙe da gatari ba. Yanzu ma da motocin itace da gawayi ke fita daga dazukanmu, wane Bature ne ya aiko su?

Kaka ba ta sake zancen kanyar ba. Abu ɗaya kawai ya canza: ta daina jin kunyar Baffa. Sunansa take kira gatsau, a gaban kowa, kamar na ɗan maƙwabta. Yaran yanzu in na ba su labarin sai su ce, "To sai me?" Ban san yadda zan fahimtar da su ba. Ni dai na ga Baffa da furfurarsa, shekaru bayan an karɓe ɗamarar, durƙushe a ƙofar ɗakin Kaka tana jinyar da ba ta tashi ba, yana cewa, "Inna, don Allah ki daina kiran sunana."

Ta juyo ta dube shi sosai, ta kira sunan, ta ce ya miƙo mata ruwa.