Sunan da Ban Kira a Zagayen Ƙarshe Ba

Shekarun baya, 'yata ta fari ta yi kakar tsere guda ɗaya tal a cikin irin motocin nan da ake ƙerawa don gudu kawai. Ba a hawa titi da su, ko ledar cefane ba su da wurin ɗauka. Ƙasa-ƙasa suke, a rufe ruf, mutum yana shiga kamar ana tura burodi a tanderu. Ajin matasa masu tasowa ne, direbobi biyu ga mota ɗaya, a tsakiyar tsere ɗaya ya fito ɗaya ya shiga. Wannan ilimi da kuka ji ina zubawa daga baya na same shi. A lokacin abin da na sani kawai, maigidana ya ɗauki yarinya tun tana shekara tara, daga garejinsa na East Greensboro, nan Amurka, ya fara kai ta tseren ƙananan motocin yara, har abin ya fi ƙarfinmu duka.

Ni kuma 'yar ƙauye ce daga wajen Zariya, kuma a gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta ja shi jikinta ana kallo. Ni ma 'yar fari ce, har mahaifiyata ta koma ga Ubangiji ban taɓa jin sunana a bakinta ba, kuma ban taɓa shakkar tana sona ba. To da wannan kunyar na hau jirgi na sauka a Greensboro. Ƙannenta ina kiran sunayensu har maƙwabta su ji. Ita kuwa "ke" ce, ko "yarinyar nan", in na yi ƙoƙari in ce "Yayarku".

Tana da shekara sha biyu ta taɓa tare ni a kicin, da Turancinta mai fita ta hanci, ta ce, "Mama, me na yi miki ne ba kya kiran sunana?"

Na ce, "Haka muka tarar. Miƙo mini ludayin can."

A filin tsere ne wannan hali nawa ya fito fili. Sauran iyaye mata suna tsaye a bakin katanga da hula mai lambar motar 'ya'yansu, suna tsalle suna kwarara suna. Ni ina can baya cikin rumfa da kulata, ina zuba wa kanikawa dambun shinkafa da soyayyen nama. Har suka saba, in sun hango ni sai su fara lashe baki. In motarta ta wuce, ƙarar na jijjiga mini haƙarƙari, sai in sunkuyar da kai ina goge cokali, ina karanta Zabura a zuci. In ta fito jiƙe da gumi wasu suna rungumarta, ni sai in miƙa mata ruwa in ce, "Sannu." Maigidana ya ce, "Ke wai ba za ki ko ɗaga mata hannu ba?" Na ce ya ɗaga mana mu biyu, ai nasa ya fi tsawo.

Ana saura mako ɗaya tseren ƙarshe, muna dawowa daga coci tana tuƙa mu, yarinyar ta rage gudu a wata danja ta gaya mini cewa daga wannan ta gama. Kujerarta wani za a bai wa a kaka mai zuwa, ita kuma ta samu aikin injiniya can yammacin ƙasar, tafiyar awa biyar a jirgi. Sannan ba tare da ta dube ni ba ta ce, wannan karon da Hausa, "Mama, ko sau ɗaya, ki kira ni kamar yadda ake kiran sauran. Ina so in ji yadda yake a bakinki."

Maganar ta zauna mini a ƙirji. Duk wannan makon, in zan tafi aiki ta titin Wendover, sai in ɗaga gilashin mota in yi ta gwada sunan ni kaɗai. Mace da furfura tana koyon kiran abin da ita ta haifa. Ranar farko da raɗa na faɗa, har ina waiwaye kamar mahaifiyata na kujerar baya. Ranar Juma'a kuwa na iya shi tsaf, har da ƙarin "kin yi ƙoƙari". Na ce a raina, to yarinya, za ki sha mamaki.

Tseren ƙarshe a tsallaken iyakar jihar Virginia aka yi shi. Abokin tuƙinta ya fara, ya miƙa mata motar suna na bakwai. Ranar na bar kulata a rumfa na zo bakin katanga. Na gan ta tana cinye su ɗaya bayan ɗaya, har ta laɓe a bayan wata jar mota zagaye da zagaye, a wata kwana ta shige ta ciki ta wuce. Na uku ta ƙare, karo na farko a duk kakar da za ta hau dandamalin karɓar kofi. Rumfarmu ta kaure da ihu, maigidana yana kuka ba kunya.

Bayan an gama akwai zagaye ɗaya da suke yi a hankali kafin su dawo. A wannan zagayen ne injiniyansu, wani dattijon Bature da ya fi kowa cin dambuna, ya cire abin magana daga kansa ya ɗora mini a kunne. Ya nuna mini maɓallin, ya ce, "Tana jin ki, yi mata magana." Ashe ita ta roƙe shi tun da safe.

Na danna. Ina jin numfashinta a cikin kunnena, sama-sama, tana jira. Sunan ya taso har bakin harshena. Sai na ɗaga ido na ga kanikawa goma sun zuba mini ido suna murmushi, ga maigidana a gefe. Wata kunya ta lulluɓe ni tun daga kai har ƙafa. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ke, ki dawo a hankali. Na ajiye miki abincinki."

Sai ta ce, "To, Mama."

Ba ta yi fushi ba, da ta yi ma da na fi samun sauƙi. Ta sauko daga dandamali ta cinye abincin tas. Bayan makonni uku muka raka ta filin jirgi.

Yanzu ta yi aure, tana da ɗanta na fari, tana kiran sunansa sau ɗari a wuni har sai na ce za ta tsufar masa da shi. Sau ɗaya na yi ta maza na kira nata sunan a waya, bayan shekara biyu da tafiyarta. Sai ta ce, "Mama, lafiya? Wani ne ya rasu?" Muka yi dariya, amma da na ajiye wayar na daɗe a zaune. Ta ji sunan, sai dai ba a wannan zagayen ba, lokacin da take ita kaɗai cikin mota tana jirana.

Ba na zagin al'adarmu, da ita aka rene ni kuma ban lalace ba. Sai dai mahaifiyata ta yi tata kunyar a gidan da kowa ya san ma'anarta. Ni na kawo tawa inda 'yata ba ta da mai fassara mata ita. Ina kewarta ƙwarai, kuma ina kewar wannan minti biyun fiye da yadda zan iya faɗa.

Abu ɗaya ta bari a gida. Kafin a fara kakar an zaunar da ita cikin motar, aka zuba wani kumfa a jaka a bayanta, ya daskare da siffar jikinta. Kowane direba da nasa, don haka aka rubuta sunanta a jiki da farin fenti kada a musanya. Yana nan a ɗakinta. Duk Asabar in na shiga shara sai in ɗauko shi in kakkaɓe, in sa tafin hannuna a gurbin kafaɗunta, in karanta abin da aka rubuta da ƙarfi. Yanzu ko tuntuɓe harshena ba ya yi.